Goran da Ya Dawo Fanko

Akwai wani mutum, manomin albasa, a wani gari da ke gefen kogi. Mutanen garin suna kiransa Baban Liyatu, da sunan 'yarsa ta fari. Mutum ne mai ƙwazo da fara'a, ba shi da rowa, ba ya riƙe mutum a zuciya. Aibinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san da shi: da zarar bakinsa ya kama aiki, sai kunnensa ya tafi hutu. In ka gaishe shi a hanya kana sauri, to saurinka ya ƙare.

Albasa kuwa ba ta jiran mai hira. Da damina ta ɗauke, akwai 'yan kwanaki kaɗan da ake yafa iri a fangali, wato ɗan filin da aka gyara aka kewaye don ban ruwa. A nan ake renon irin har mako shida, sa'an nan a cire a dasa. Albasa abar sanyi ce. Wanda ya makara da reno, zafi zai riski gonarsa tun albasar ba ta yi kai ba, sai ya tashi da lawashi kawai. Gidan Baban Liyatu kuwa da albasar nan suke ci, da ita suke sutura, har shekara ta zagayo.

To, a garin akwai wani tsoho da ake kira Baba Mai Iri. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya zaɓi albasa masu kyau, ya bar su su yi fure, ya shanya, ya sussuke, ya adana irin a tukwane. Tsohon ba shi da yawan magana, amma yana da tsari, kuma ko maigari bai isa ya sa shi ya sauya tsarin nan ba. In kana son iri, sai ka je ka faɗa masa, bayan kwana goma ka koma zaurensa. A bangon zauren ya kakkafa 'yan sanduna, kowane gida da nasa. A jikin sandan yake rataya ɗan gora mai igiyar fata, ya toshe bakinsa da totuwar masara.

In ka tarar da sandanka babu gora, ka san Baba bai gama da buƙatarka ba tukuna. In ka tarar da gora, to an ba ka amsa, amma amsar kashi biyu ce. In yana da iri mai kyau, zai zuba maka. In ba shi da shi, zai rataya maka goran haka nan fanko, a toshe kamar kullum. Ba ya bin ka gida da bayani, gama yawancin yini yana can lambunsa. Saboda haka duk wanda ya zo wurinsa karo na fari, yakan gaya masa abu biyu. Na ɗaya, goran nan wuya ɗaya ke ɗaukarsa: wanda ya cire shi daga sanda ya rataya a wuyansa, alhakinsa yana kansa har ya dawo da shi. Na biyu, "Ka girgiza kafin ka fita."

Shekara tara Baban Liyatu yana karɓar iri a zauren nan. A shekarun fari yakan kai goran kunne, ya girgiza, ya ji kacau-kacau, sa'an nan ya rataya a wuya. Da tafiya ta yi tafiya, ya ga goran bai taɓa yin shiru ba, sai girgizar ta koma ta jeka-na-yi-ka. Daga baya ma ya daina gaba ɗaya, shi da kansa bai san ranar da ya daina ba.

A shekara ta goma ya ƙudura zai faɗaɗa gona. Ya gyara fangali goma sha biyu a fadama, can ƙetaren kogi, tafiyar rabin yini a kan jaki. Ya zuba taki, ya jiƙa ƙasa, ya tanadi ciyawar da zai rufe irin da ita. Babu wanda bai ji labarin fangalin nan goma sha biyu ba, har waɗanda ba su tambaya ba.

Ƙaninsa Kefas yana da fili a jikin nasa. Shi Kefas ya sha'afa bai kai buƙatarsa wurin Baba a kan kari ba, don haka ana gobe za a yafa iri sai ya nufi gidan Malam Habila, wani mai ajiye iri a bayan kasuwa. Malam Habila mutumin kirki ne ƙwarai, mai saurin murmushi, amma yana da kunya fiye da kima. Tun da yake, ba a taɓa jin kalmar "babu" ta fito daga bakinsa ba. Nan take ya cika wa Kefas gora har wuya.

Da gari ya waye, Baban Liyatu da matarsa Asabe suka biya zauren Baba. Gora na nan rataye a sandansu. Sai dai a zauren akwai wani baƙo da bai taɓa jin labarin fangali goma sha biyu ba. Ina Baban Liyatu zai bar wannan dama? Yana ba da labari, yana auna faɗin fangalin da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya miƙa ta baya ya zaro goran, ya jefa a mangalar jaki ko kallonsa bai yi ba.

Da suka kama hanya Asabe ta ce, "Baban Liyatu, ka girgiza kuwa?"

Ya ce, "Haba, Maman Liyatu! Shekara tara. Yaushe Baba ya taɓa ba mu kunya?"

Ta ce, "Ni dai na tambaya."

Ya ce, "To, na amsa." Ya ci gaba da gaya mata yawan buhunan da za su ɗebo in Allah ya kai mu bazara.

Rana ta take tsaka suka isa fadama. Kefas ya riga su, yana zaune a bakin fangalinsa yana kaɗa goransa don yayansa ya ji. Maƙwabtan gona su ma suka matso, kowa yana son ya ga fangalin da aka cika musu kunne da shi. Baban Liyatu ya cire hula, ya ɗauko goran daga mangala, ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya ce a yi addu'a. Shi kuwa in ya kama addu'a, kamar hirarsa take. Ya gode wa Ubangiji saboda kogi, saboda taki, saboda jaki. Ya gode saboda irin da ke cikin goran nan, ya roƙa kowace ƙwaya da ke ciki ta tsiro, kada ko ɗaya ta faɗi a banza. Jama'a suka ce amin da ƙarfi, wasu don bangaskiya, wasu don rana ta dame su.

Ya zare totuwar, ya buɗe tafin hannunsa, ya karkata goran. Babu abin da ya zubo. Ya bubbuga gindinsa. Shiru. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa ciki, ya kifa shi, ya kakkaɓe. Ko ƙwaya ɗaya.

Sai wani dattijo daga baya ya ce, "To, addu'arka dai ta karɓu. Ko ɗaya ba ta faɗi a banza ba."

Fadama ta ɓarke da dariya. Kefas har da kwanciya a kan ciyawar rufi yana riƙe ciki. Asabe ta ja mayafi ta rufe baki, amma kafaɗunta sun tona ta. Baban Liyatu kaɗai ne bai yi dariya ba. Kunya ta rufe shi, bayan kunyar kuma tsoro ya biyo, gama ya dubi fangalinsa goma sha biyu a jiƙe suna jira, ya tuna kwanakin reno sun kusa ƙarewa. In mako ya wuce babu iri a ƙasa, shekarar gidansa ta tafi.

Da Kefas ya sami numfashi ya ce, "Yaya, kada ka damu. Ka je wurin Malam Habila. Shi goransa ba ya komawa fanko. Kafin ka gama gaisuwa ya cika maka, gobe war haka ka yafa."

Maganar ta shige shi. Ya ɗaure mangala, ya ce daga nan sai gidan Habila. Asabe ta kama igiyar jakin ta ce, "Ka fara zuwa wurin Baba ka ji dalili. Mutumin da ya cika maka gora shekara tara bai bar shi fanko don wasa ba."

Ya ce, "Zan je wurinsa kam. Amma ba jin dalili zai kai ni ba. Shi zai ji nawa."

Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa, ya gwada wa jakin har sau uku. Da la'asar ya tarar da tsohon a lambunsa, a gindin mangwaro, yana gyara ƙotar fartanya. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya miƙa goran ya ce, "Baba, me na yi maka? Ka sa na zama abin dariya a fadama. Na yi addu'a a kan iska, mutane suka ce amin!"

Baba ya ɗago kai ya dube shi. "Ka girgiza?"

Baban Liyatu ya sauke hannun da ke riƙe da goran.

Tsohon ya miƙe a hankali ya ce, "Zo." Ya kai shi wata inuwa inda ya jera tsummoki a jiƙe a cikin kasko. Ya warware ɗaya. A ciki ga baƙaƙen ƙwayoyin irin albasa a jere, sun kumbura, wasu sun fara ruɓa. Uku ne kaɗai suka fito da ɗan farin tsiro.

Ya ce, "Ƙwaya ɗari na jiƙa daga tukunyar da na ware maka. Ka ga abin da ya tashi. Ruwan ƙarshen damina ya yoyo ta rufin ɗakin ajiya ban lura ba, danshi ya shiga tukwane biyu. Laifina ne. Waɗanda suka riga ka tambaya sun sami na tukwanen da suka tsira. Da aka zo kanka, wannan ya rage."

Baban Liyatu ya ce, "To da ka zuba mini ko da shi ne mana. Ya fi babu."

Baba ya ce, "Da na zuba maka, da ka yafa yau kana murna. Ka yi kwana goma kana ban ruwa safe da yamma. Ka ƙara kwana huɗu kana cewa sanyi ne ya hana shi fitowa. Ranar da za ka gane babu komai a ƙasa, lokaci ya wuce. Goran fanko yini ɗaya ya ci maka, ɗana. Da ka girgiza a zaure, ko yinin ma ba zai ci ba, da ka zo nan da safe ka tambaye ni."

Sai a lokacin Baban Liyatu ya durƙusa ya gaida tsohon yadda ya kamata, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Sa'an nan ya ce, "Baba, na Malam Habila fa? Yana da kyau?"

Baba ya ce, "Ban jiƙa irin Habila ba, ba zan yi magana a kansa ba. Abin da na sani shi zan faɗa maka. A ƙauyen da ke bayan dutse akwai Inna Rahila, matar abokina marigayi. Irinta na bana ne, na gan shi da idona, kuma tana jiƙawa kamar yadda nake yi. Tafiyar yini guda ce. In ka tashi da sassafe, gata iri yana ƙasa."

Baban Liyatu ya yi lissafi a zuci. Gidan Habila ga shi nan kusa, gobe ya yafa. Bayan dutse kuwa kwana biyu zuwa da dawowa, ga dariyar fadama tana jiransa. Ya sake duban tsumman nan da tsironsa uku. Ya ɗauki goran, ya rataya a wuyansa, abin da ya yi shekaru bai yi ba.

Inna Rahila ta karɓe shi hannu biyu, ta ba shi kunu, ta nuna masa nata tsumman, tsiro ya cika shi fal. Ta zuba masa iri a goran Baba ta toshe. Baban Liyatu ya kai kunnen dama ya girgiza, ya mayar kunnen hagu ya girgiza, ya sake komawa na dama. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, in rawa za ka yi, bari in kira mata su tafa maka."

Shi ne na ƙarshe da ya yafa iri a fadama a shekarar nan. A wannan karo addu'arsa gajeriya ce, kuma sai da ya ga irin a tafin hannunsa sa'an nan ya cire hula. Maƙwabta suka laƙaba masa suna Mai Addu'ar Iska. Ya amsa sunan da fara'a, har yakan ba da labarin da kansa, yana ƙara masa gishiri.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki ya ɗaga ciyawar rufi, sai ga tsiro ya fito kore shar, fangali goma sha biyu duka. Ya kira Asabe, ya kira maƙwabta, ya juya zai kira ƙaninsa, sai ya gan shi tsugune a bakin nasa fangalin ya yi tagumi. Kefas ya riga shi yafawa da kwana uku, bai fasa ban ruwa ko sau ɗaya ba, amma ƙasarsa tana nan yadda take, sai ɗan tsiro nan, ɗan tsiro can, wanda ba zai cika tafi ba. Ya ƙara kwanaki yana jira, yana ɗora wa sanyi laifi. Da ya haƙura, ba sauran lokacin sake reno. Kefas kuwa matarsa tana da tsohon ciki, kuma ba su da wata gona sai wannan.

Baban Liyatu bai rama dariyar ba, ko da yake ta zo masa har maƙogwaro. Ya dafa kafaɗar ƙaninsa ya ce, "Tashi. Fangali goma sha biyu dama cika baki ne, gonata ba za ta ɗauki dashen takwas ba. In lokacin dashe ya yi, huɗu naka ne."

Kefas ya ce, "Yaya, ni fa na girgiza. Na ji ƙara da kunnena."

Baban Liyatu ya ce, "Na san ka girgiza. Mu je mu ji ta bakin wanda ya zuba."

Suka tarar da Malam Habila a ƙofar gidansa. Tun daga nesa da ya hango su ya sunkuyar da kai. Da suka tambaye shi, bai yi musu ba. Ya ce irin na bara waccan ne, ya san irin albasa ba ya jure daɗewa, zuciyarsa ma ta gaya masa kada ya bayar. "Amma Kefas ya zo mini da yamma, yana kirana kawu, ga gora a hannunsa. Yaya zan yi in dubi idonsa in ce babu? Na ce a raina wataƙila Allah ya sa ya tsiro."

Kefas ya cika ya yi fam, amma yayansa ya riga shi magana. Ya ce, "Malam, mun san ba mugunta ba ce. Bari in dawo." Ya shiga kasuwa, bai daɗe ba sai ga shi da sabon ɗan gora, ya sa masa igiya, ya toshe bakinsa da totuwa. Ya miƙa wa Malam Habila da hannu biyu ya ce, "Ga tsaraba."

Malam Habila ya karɓa, ya kai kunne ya girgiza. Ya ce, "Ai babu komai a ciki."

Baban Liyatu ya ce, "Shi ne tsarabar. Ka rataya shi a zaurenka. Duk ranar da bakinka ya kasa cewa babu, ka miƙa wa mutum wannan, shi zai faɗa a madadinka."

Malam Habila ya yi dariya har da ƙwalla, Kefas ma bai san lokacin da ya saki fuska ba. A bazarar nan gidaje biyu suka ci albasa daga gora ɗaya, kuma goran Malam Habila yana nan rataye a zaurensa. An ce ya yi amfani da shi sau biyu tun kafin shekara ta zagayo, babu kuma wanda ya daina gaishe shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: goran nan amsa ce, irin amsar da muke ba juna kowace rana, da wadda muke karɓa. Baba Mai Iri shi ne amintaccen bawa, wanda in yana da abu ya bayar, in ba shi da shi ya faɗa tun da sauran lokaci. Malam Habila kuwa, 'yan'uwa, kada mu yi saurin nuna shi da yatsa, gama yawancinmu danginsa ne. An ce, "Za ka zo mu gyara rufin gwauruwar nan ranar Asabar?" Ka san sarai kana da tafiya, amma ka ce, "Ba damuwa, da yardar Allah." An ce, "Za ki iya koyar da ajin yara wannan wata?" Kin san ba za ki iya ba, amma kunya ta sa kin ce to. Mun cika gora da mataccen iri ke nan. Wanda ya karɓa ya tafi yana murna, ya daina neman wani, yana ta ban ruwa a kan alkawarinmu har lokaci ya ƙure masa. Muna kiran wannan kara da ladabi, amma Kefas ne ke kwana da yunwa.

Wata 'yar'uwa a cikinmu, Damaris, wadda aikinta rubuta manhajar kwamfuta ne, da ta ji misalin nan sai ta yi dariya ta ce ai zauren Baba yana cikin aikinsu. Ta ce a cikin manhaja akan keɓe wani sashe wanda ba shi da aiki sai ƙera abu ya miƙa wa sashen da ya nema, har suna kiransa masana'anta. Ba ya miƙa abin tsirara. Yakan sa shi a cikin wani mariƙi mai kula da shi, wanda ya san hannun da abin yake, ya kuma share shi idan an gama da shi, kamar goran nan mai wuya ɗaya. To, wani lokaci ƙirar ba ta yiwuwa. Sai masana'antar ta miƙo mariƙin babu komai a ciki. Dole wanda ya karɓa ya duba kafin ya yi aiki da shi. In bai duba ba ya zura hannu, manhajar takan faɗi warwas, sau da yawa a gaban masu amfani da ita. Amma ta ce wannan faɗuwar mai sauƙi ce, gama nan take za ka san inda matsalar take. Abin da ke sa su furfura shi ne masana'antar da za ta miƙo abu rabi da rabi, ga shi kamar lafiyayye, sai an yi nisa da shi sa'an nan ɓarnar ta fito a wani wuri dabam. Ta ƙara da cewa mariƙi fanko ba ya gaya maka dalili. Yana gaya maka babu ne kawai, in kana son dalili sai ka koma ka bincika.

Wannan ya kawo mu kan Baban Liyatu. Shi alheri ne ya sangarta shi. Shekara tara ana cika masa gora, har ya ɗauka cikar gora hakkinsa ne, ya daina saurara. Haka muke yi da Ubangiji. Mukan kawo roƙonmu, mu rufa baya da amin, mu jefa amsar a mangala ba mu kai ta kunne ba, domin mun riga mun yanke abin da ya kamata ya kasance a ciki. Ranar da muka tarar da fanko sai mu ce an wulakanta mu. Amma wanda ya rataya maka gora ya ji buƙatarka, bai manta da kai ba. Wataƙila abin da kake roƙo danshi ya riga ya shige shi, kai ba ka gani, shi ya gani. Kada ka ruga gidan da ba a taɓa cewa babu. Ka koma wurinsa ko da ranka a ɓace ne, ka tambaya. Baban Liyatu da faɗa ya je, amma ya je, kuma a can ya sami hanyar bayan dutse.

Ku lura kuma, Kefas ya girgiza, girgizar ba ta cece shi ba. Dubawar mai karɓa tana da amfani ne in mai bayarwa yana faɗin gaskiya. Jama'ar da mutane suke iya ce wa juna "ba zan iya ba" cikin ƙauna, ita ce jama'ar da in an ce "zan yi" za ka iya jingina a kai ka huta.

Ranar Asabar mai zuwa za mu je gyaran rufin Mama Tabita, gwauruwar da ke cikinmu, kafin hadari ya dawo, kuma muna buƙatar mutum shida. In an tambaya bayan sujada, wanda zai zo ya ɗaga hannu. Wanda ya san ba zai samu ba, ya miƙo mana goransa fanko tun yau. Za mu karɓa da hannu biyu, mu yi masa godiya, mu nemi wani tun Mama Tabita ba ta jiƙe ba.